Sauya Makaranta a Tsakiyar Karatu: A Auna Kafin a Ɗaure Kaya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma su ne dai suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa maganar barin gida don neman ilmi ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. Abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a wannan fili shi ne wata matsala da ke fuskantar ɗalibai masu yawa a ƙasar Amurka kowace shekara. Ɗalibi ya fara karatun digiri a wata makaranta kusa da gidansu, ya yi shekara ɗaya ko biyu, sai ya ga yana so ya koma wata kwaleji ta 'yan Katolika wadda ke wata jiha dabam, ya ƙarasa a can. Shin ya tafi ko ya zauna? Ni dai ra'ayina shi ne ya tafi, amma da sharaɗi guda: kada ya ɗaure kaya sai ya sami amsar tambayoyi huɗu, kuma a rubuce.

Wani zai ce, to, ina ruwan biri da gada? Mu da muke nan muna fama da jarrabawar fita, me ya haɗa mu da ɗaliban Amurka? Lalle akwai ruwanmu. Da yawa daga cikinmu suna mafarkin karatu a ƙasar waje, wasu kuma suna da yayye ko 'ya'yan kawunnai a can. Hanyar da ta fi araha ga mai ƙaramin ƙarfi a wannan ƙasa ita ce ya fara da kwalejin shekara biyu, sa'an nan ya sauya zuwa babbar makaranta. Duk wanda ya bi wannan hanya kuwa, ba makawa wata rana sai ya tsaya a wannan mararraba.

Bari in fara da bayanin yadda tsarin yake, don kada mu yi ta magana a cikin duhu. A Amurka digirin farko shekara huɗu ne, kuma ana auna shi da abin da suke kira kiredit. Kowane darasi da ɗalibi ya ɗauka na zango guda ya ci, ana rubuta masa kiredit uku ko huɗu, sai ya tara kimanin 120 kafin a ba shi digiri. Akwai kwalejojin gwamnati na shekara biyu a ko'ina cikin ƙasar, kuɗinsu kaɗan ne, kuma galibi ɗalibi yana kwana a gidansu yana zuwa. In ya gama sai ya kwashi kiredit ɗinsa ya kai wata jami'a ta karɓe shi a aji uku. Abin ya yi kama da yadda mai takardar NCE ko difloma yake shiga jami'a a nan ba tare da ya fara daga aji ɗaya ba.

Su kuma makarantun Katolika, watau kwalejoji da jami'o'insu, sun kai 200 ko fiye a ƙasar. Wadda ta fi tsufa ita ce Georgetown da ke birnin Washinton, wadda John Carroll, bishop na farko na Katolika a Amurka, ya kafa a shekarar 1789. Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana wani Fada ne ɗan Faransa mai suna Edward Sorin ya kafa ta a 1842. Boston College ta zo a 1863. Jami'ar Xavier ta jihar Louisiana kuwa an kafa ta a 1925 musamman domin baƙaƙen fata, a lokacin da yawancin makarantun kudancin ƙasar ba sa karɓarsu. Da yawa daga cikin waɗannan makarantu an gina su ne don 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura daga Turai, amma yau ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Ko Paparoma Leo na 14, wanda aka zaɓa a 2025, mutumin Shikago ne da ya bar jiharsa ta Illinois ya je Jami'ar Villanova a jihar Pennsylvania, inda ya sami digirin lissafi a 1977.

To, tambaya ta farko ita ce: nawa za a karɓa daga cikin karatun da na riga na yi? Wannan ita ce uwar tambayoyi, kuma ita ce wadda ɗoki yake sa a manta. A shekarar 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka, wanda ke yi wa majalisar dokokinsu aiki, ya fitar da rahoto a kan ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009. Ya ƙiyasta cewa a matsakaici sun yi asarar kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗin da suka tara. Ku duba fa, kusan rabi ke nan. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana kwana da littafi a hannu, sai a ce masa abin da aka karɓa bai fi na shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Sauran sai ya sake yi, ya sake biya.

A cikin jiha ɗaya, doka takan kare ɗalibi. A Kalifoniya, alal misali, an yi doka a 2010 wadda ta ba wanda ya gama wani tsararren karatu na shekara biyu tabbacin gurbi a jami'o'in jihar. A Fulorida ma akwai irin wannan yarjejeniya tun da daɗewa. Amma da zarar ɗalibi ya ƙetare iyakar jiha, kuma ya nufi makarantar da ba ta gwamnati ba, to, ya fita daga wannan inuwa. Makarantar ita ke yanke wa kanta abin da za ta karɓa da abin da za ta zubar. Yawanci ba a karɓar darasin da aka ci da ƙasa da makin C. Manyan makarantu irin su Georgetown suna son ɗalibi ya yi aƙalla rabin digirinsa a wurinsu. Akwai ma wata kwaleji mai suna Thomas Aquinas, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1971, da ba ta karɓar kiredit daga waje sam. Kowa ya zo, ko da ya yi shekara uku a wani wuri, daga aji ɗaya zai fara, saboda duk ɗalibanta manhaja guda suke bi daga farko har ƙarshe. Ba laifi ba ne, tsarinsu ke nan, amma ya kamata mutum ya sani tun yana gida.

Bugu da ƙari, makarantun Katolika suna da darussan da ke wajibi a kan kowa, ko likita yake so ya zama ko injiniya. A Georgetown da Boston College ana buƙatar darasi biyu na falsafa da biyu na ilmin addini. Ɗalibin da ya fito daga kwalejin gwamnati da wuya a ce ya yi su duka, saboda haka sai ya nemo musu wuri a cikin shekara biyun da suka rage masa. Shi ya sa na ce a nemi amsa a rubuce. Ɗalibi ya aika da takardar sakamakonsa da bayanin abin da aka koya masa a kowane darasi, ya roƙi a rubuto masa jerin waɗanda aka karɓa, da zango nawa suka rage masa kafin ya gama. In aka ce sai ya zo za a duba, ya san cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya ta biyu ita ce kuɗi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A jami'o'in gwamnati na Amurka ɗan jiha da baƙo ba kuɗi ɗaya suke biya ba, kamar dai yadda jami'o'in jihohinmu suke bambanta ɗan asalin jiha da wanda ya zo daga wata. Hukumar College Board ta lissafa cewa a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta a jami'ar gwamnati dala 11,260 ne ga ɗan jiha, dala 29,150 ga wanda ya zo daga wata jiha, a makarantu masu zaman kansu kuwa dala 41,540. Wannan ban da abinci da ɗakin kwana. Makarantun Katolika suna cikin kashi na uku, kuma su ba ruwansu da jihar da ka fito. Ɗan Texas da ɗan Indiyana kuɗi ɗaya ake rubuta musu a Notre Dame.

In aka tsaya a nan, sai a ce ai lissafi ya ƙare, zama a gida ya fi. Amma akwai sauran magana. Makarantu masu zaman kansu ba kasafai suke karɓar cikakken kuɗin da suka rubuta a takarda daga kowa ba. Suna rage wa ɗalibi gwargwadon ƙarfin iyayensa da ƙwazonsa, har wani lokaci ɗan talaka mai ƙoƙari yakan biya ƙasa da abin da zai biya a jami'ar gwamnati ta wata jiha. Sai dai fa tallafin da ake ware wa masu shigowa a tsakiya sau da yawa bai kai na 'yan aji ɗaya ba. Haka kuma tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell yana bin ɗalibi ɗan ƙasa zuwa kowace jiha, amma na jihohi da yawa ba ya ƙetare iyaka. Wanda jihar Niyok take bayarwa sai a makarantun Niyok, na Kalifoniya ma haka. A ƙara da kuɗin jirgi, domin daga gabar yamma zuwa gabar gabas ta ƙasar ya fi kilomita 4,000, da kuɗin tufafin sanyi, da kuɗin haya in makarantar ba ta ba sababbin zuwa ɗaki ba.

Ga ɗalibi irinmu da ya je daga Nijeriya ko Nijar, lissafin ya sha bamban. Shi baƙo ne a kowace jiha, jami'ar gwamnati kuɗin baƙo za ta caje shi, kuma ba ya cikin masu samun tallafin Pell. Saboda haka tazarar da ke tsakanin makarantar gwamnati da ta Katolika ta ragu a wurinsa ƙwarai, kuma ba shi da wata gata ta ɗan jiha da zai yi asara in ya tashi. Abin da zai kula da shi shi ne takardun zamansa, domin dole sabuwar makarantar ta ba shi sabuwar takardar I-20 kafin sauyin ya halatta.

Tambaya ta uku ita ce ta addini, kuma na san ita ce ta fi damun iyayenmu. Abin da nake so a gane shi ne kalmar Katolika a jikin allon makaranta ba ta gaya maka yadda rayuwa take a ciki. Su kansu 'yan Katolika sun daɗe suna muhawara a kan wannan. A 1967 shugabannin wasu jami'o'insu, a ƙarƙashin jagorancin Fada Theodore Hesburgh na Notre Dame, suka fitar da sanarwa cewa jami'a tana buƙatar 'yancin kanta a harkar ilmi. A 1990 kuma Paparoma John Paul na biyu ya fitar da ƙa'idojin da ke jaddada cewa dole jami'ar Katolika ta riƙe alaƙarta da coci. Tsakanin waɗannan matsayi biyu kowace makaranta ta zaɓi inda ta tsaya.

Akwai masu tsauri, irin su Jami'ar Franciscan da ke Steubenville a jihar Ohio, inda malaman addini suke rantsuwar biyayya ga koyarwar coci, da kwalejin Christendom a jihar Virginia, wadda ba ta karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ko kaɗan. A Notre Dame kowane gidan kwanan ɗalibai yana da ɗakin ibada, kuma maza da mata gidajensu dabam dabam ne. A ɗaya gefen ga Georgetown, wadda a 1999 ta ɗauki Imam Yahya Hendi aikin limamin ɗalibai Musulmi na dindindin. Tana da masallaci a cikin harabarta mai sunan Yarrow Mamout, wani Musulmi daga Afirka ta Yamma da aka kai Amurka a matsayin bawa a 1752, ya sami 'yanci, ya zauna a wannan unguwa har ya rasu a 1823.

Saboda haka ɗan Katolika da ke neman inda imaninsa zai ƙaru, ya duba ko makarantar tana da abin da yake nema, kada ya je ya tarar suna ne kawai ya rage. Musulmi ko Kirista na wata ɗarika kuma ya tambaya: shin halartar ibada wajibi ne? Akwai wurin salla? Ana samun abincin halal? Me ake karantawa a darussan addinin nan na dole? Mu a nan Arewa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun da sistocin St. Louis suka zo Kano a 1948, 'yan mata Musulmi da yawa sun yi karatu a makarantarsu, sun fito da addininsu da ilminsu. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne iyaye sun san abin da ake yi a ciki, ba su miƙa 'ya'yansu ido a rufe ba.

Tambaya ta huɗu ita ce wadda ba a cika yi ba, alhali kuwa tana iya rusa komai: shin makarantar za ta kai ranar da zan gama? Yawan masu shiga ƙananan kwalejoji ya ragu a sassa da dama na Amurka, kuma wasu daga cikin na Katolika sun kasa riƙe kansu. Jami'ar Cardinal Stritch a jihar Wisconsin ta rufe a 2023. A 2024 kwalejin Saint Rose da ke Albany a jihar Niyok, wadda ta haura shekara ɗari, ita ma ta rufe, haka Jami'ar Cabrini a Pennsylvania. A wannan shekarar ce kuma wata kwaleji mai suna Notre Dame a jihar Ohio ta rufe, wadda ba ta da alaƙa da babbar jami'ar Indiyana sai dai suna. Ku yi tunanin ɗalibin da ya riga ya sauya sau ɗaya, ya yi asarar kiredit, ga shi nesa da gida, sai a wayi gari a ce ya sake neman wata makaranta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A duba ko yawan ɗalibanta yana ƙaruwa ko raguwa, ko tana rufe sassa tana sallamar malamai, da abin da hukumar da ke tantance ta ta ce a kanta.

Yanzu mai karatu zai iya cewa, duk wannan haɗari, me ya sa ka ce a tafi? Masu cewa a zauna suna da hujja, ban raina ta ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda yake jiharsa yana da iyaye kusa, yana da kuɗin makaranta mai rahusa, yana da doka a bayansa. Wanda ya shigo a aji uku kuwa zai tarar kowa ya riga ya yi abokai, malamai sun san ɗalibansu, shi kaɗai ne baƙo. In amsoshin tambayoyin nan huɗu ba su yi daɗi ba, ni ma cewa zan yi ya zauna, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma in amsoshin sun yi kyau, abin da zai samu yana da yawa. Yawancin waɗannan kwalejoji ƙanana ne, aji ba ya cika maƙil, malami yana sanin ɗalibi da sunansa. Darussan falsafa da addini da wasu ke gani kamar nauyi ne, su ne ke tilasta wa mai karatun kimiyya ya zauna ya yi tunani a kan gaskiya da adalci da amfanin ilmin da yake tarawa. Zama cikin mutanen da ba naka ba kuma makaranta ce da kanta.

Tarihi ya nuna mana misalai. Clarence Thomas baƙar fata ne daga jihar Jojiya, ya taso cikin talauci. Ya yi karatun zama Fada a jihar Missouri, ya bari a 1968, ya koma kwalejin Holy Cross a jihar Massachusetts da tallafin karatu, inda baƙaƙen fata 'yan ƙalilan ne. Ya gama a 1971, ya wuce Jami'ar Yale ya karanta shari'a, a 1991 ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. Ga kuma Rudy Ruettiger, ɗan ma'aikaci daga garin Joliet a jihar Illinois, wanda makinsa bai kai na shiga Notre Dame ba. Ya shiga wata ƙaramar kwaleji da ke tsallaken titi da jami'ar, ya yi shekara biyu yana gyara sakamakonsa. Sau uku ana ƙin karɓarsa, sai a karo na huɗu, a 1974, aka karɓe shi. An yi fim a kan labarinsa a 1993, mutane suna tunawa da ranar da aka ɗaga shi a kafaɗa a filin wasa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne shekara biyun da ya yi yana shiri. Na farkon ya tafi da tallafi a hannu, na biyun ya tafi da sakamako a hannu. Babu wanda ya tafi da ɗoki kaɗai a cikinsu.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda Allah Ya kai shi wannan mararraba, kada hoton gine-gine da sunan makaranta su ɗauke masa hankali, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya shiga aji ɗaya yana da shekara huɗu a gabansa, in ya yi tuntuɓe yana da lokacin tashi. Mai sauya makaranta shekara biyu kaɗai suka rage masa. Iyayenmu kuma ina roƙonku, kada ku ce a'a don kun ji sunan coci ko nisan gari, kada kuma ku ce i don kun ji sunan da ya shahara. Ku zaunar da yaro, ku ce ya kawo takardu: nawa aka karɓa, nawa za a biya, yaya zai yi addininsa, kuma yaya lafiyar makarantar take. In takardu sun gamsar, ku sa masa albarka ya tafi.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kuma yi mana jagora a duk inda muka nufa, amin.